Jinin wa ya fi ƙarfi? Rigimar da cindon ɗan ƙanena ya tayar ranar suna

Wata huɗu kenan da aka yi sunan ɗan ƙanena a unguwar Mabera a Sakkwato amma har yau maganar da aka yi a tsakar gida ranar ba ta bar kaina ba, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta ko na huta. Na shiga cikin gida ne in kai wa Inna ragowar goro da dabino, wanzami ya gama aski kenan an naɗe yaron cikin tawul an miƙa wa Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda duk wanda ya san gidanmu ya san ba a haihuwa ta wuce ba ta yi sharhi ba. Ta buɗe tawul ɗin ta duba fuska, ta duba saman kunne, ta kama hannun hagu ta ɗaga sama kamar mai duba zane a kasuwa, sai ga wani ɗan guntun yatsa yana lilo a gefen ƙaramin yatsa. Cindo.

"Ikon Allah," in ji ta. "Wanga yaro hwa hwari na tas, uba baƙi uwa baƙa. Ga shi da cindo, mu kau ba mu da cindo ga gidanmu. Halan jinin dangin uwa yaf fi ƙarhi." Wata daga cikin dangin mai jegon ta ce a'a su ma ba su da shi, sai wurin ya yi tsit, irin shirun nan da kowa ya san me ake nufi da shi amma ba mai son ya zama shi ya fara faɗa. Gwaggo ta hango ni zan sulale ta ce "Kai ɗan boko, taho ka gaya muna, ba kai ka koya ma yara wanga abu makaranta ba?"

Gaskiya ne ni ke koyar da shi. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da bayoloji a sakandare, kuma duk shekara in an zo darasin gado sai in zana akwatin nan mai gida huɗu a allo, in sa babban T da ƙaramin t, dogo ya rinjayi gajere, uku bisa ɗaya, yara su kwafa su haddace su je su amayar a WAEC da NECO. Amma a tsakar gidan nan da Gwaggo ta tsare ni da ido sai na ga akwatin nan bai ishe ni komai ba, don ba launin yaron yake bayani ba, ba cindon ba.

Ba wai Mendel, wanda akwatin nan ke bayanin aikinsa, ya yi ƙarya ba ne. Gregor Mendel, wani limamin Kirista a garin Brno da ke ƙasar Cek ta yanzu, ya kwashe daga 1856 zuwa 1863 yana haɗa auren itacen wake a lambun gidan ibadarsu yana ƙirga 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, ya buga sakamakon a 1866, ba wanda ya kula shi har ya mutu, sai a 1900 aka tono aikin. Shi ya nuna cewa gado ba garwaya yake yi ya narke kamar sukari a kunu ba, ƙwayoyi ne, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ƙwayar na iya laɓewa a jikin ɗa ta fito a jikin jika lafiyarta ƙalau. Sai dai mutumin ya iya zaɓe. Siffofi bakwai ya ɗauka, duk masu fuska biyu kacal, dogo ko gajere, rawaya ko kore, sumul ko mai tamoji. Mutum kuwa ba wake ba ne, kai waken ma in ka bi sauran siffofinsa ba haka suke tafiya ba. Muna da kuromosom 46, wato zaren da aka jera ƙwayoyin gado a kai, 23 daga uwa 23 daga uba, a kansu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000, kuma kaɗan ne daga ciki suke bin tsarin "wannan ya danne wancan" cif-cif.

Ni abin da ya fi damuna ma kalmar nan ce ta ƙarfi. Mun ɗauki gado kamar kokawa ce ake yi a ciki tsakanin jinin miji da na mata, wanda ya kayar da wani ɗa ya biyo shi, har ka ji namiji yana bugun ƙirji wai jininsa ƙarfi gare shi duk 'ya'yansa shi suka ɗebo. Ba wata kokawa. Rabi da rabi ne, ko sarki ne kai rabin ka bayar.

Launin fata shi ya fi jawo zargi don haka bari in tsaya a kansa. Baƙin fatarmu wani sinadari ne ke kawo shi da ake kira melanin, kuma yawan wanda jiki zai yi ba ƙwayar gado ɗaya ke yanke shi ba, suna da yawa, kowace ta ƙara ɗan kaɗan. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya ga yadda ake yi, a tsoma farin zane cikin baba a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, kowace tsomawa shuɗin na ƙara duhu, ba tsomawa ɗaya ce ke mai da shi baƙi ƙirin ba. To a ce don sauƙin lissafi ƙwayoyi uku ne kawai ke aikin, kowace kana da kwafi biyu, gurbi shida kenan, kowane gurbi ko dai mai ƙara tsomawa ne ko ba ya ƙarawa. Uba yana da uku masu ƙarawa uku marasa, wato a kowace ƙwaya ɗaya mai ƙarawa ɗaya mara, uwa ma haka, dukansu wankan tarwaɗa. Ɗansu zai iya kwaso uku-uku ya fito kamar su, wannan shi ya fi yawa, 20 cikin 64. Amma zai iya kwaso masu ƙarawa zalla daga kowane ɓangare ya fi iyayen duka baƙi nesa ba kusa ba, ko ya kwaso marasa zalla ya fito fari sol, kowanne 1 cikin 64. Wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Nilsson-Ehle ya ga wannan lissafin da idonsa a launin ƙwayar alkama tun 1909, ja mai duhu zuwa fari da duk matakan da ke tsakani. A mutum kuma ƙwayoyin sun fi uku sosai, shi ya sa gida ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya za ka ga yara biyar kowa da kalarsa. Balle mu nan Sakkwato da aka daɗe ana auratayya tsakanin Gobirawa da Fulani da Zabarmawa da Adarawa da Buzaye, ai abin mamakin shi ne a ce yara su fito duk iri ɗaya.

Kuma abin da na gaya wa Gwaggo kenan wanda ya fi shigarta, ba lissafin ba. Na tuna mata hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim na mutumin ƙauyen da ya zo wurin Annabi (SAW) yana cewa matarsa ta haifi baƙin yaro, yana nuna alamar shakka. Annabi ya tambaye shi ko yana da raƙuma, ya ce eh, wane launi, ya ce jajaye, akwai mai launin toka a ciki, ya ce akwai, to daga ina ya samo? Mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta asali ta fizgo shi. Annabi ya ce masa to ɗanka ma wataƙila jijiya ce ta fizgo shi. Gwaggo ta ce "Sallallahu alaihi wa sallam" ta gyara zama, ta ɗan sassauta riƙon da ta yi wa hannun yaron.

Tsawo ma haka yake, ya ma fi launi yawan hannaye a cikinsa. Wani gagarumin bincike da aka buga a 2022 a kan mutane sama da miliyan 5 ya gano wurare fiye da 12,000 a cikin DNA, wato sinadarin da aka rubuta gado a kai, da ke taɓa tsawon mutum, kowanne da ɗan abin da bai kai a gani da ido ba. Bayan wannan kuma ga ciki, yaron da ya tashi da tamowa da gudawa da zazzaɓi a shekarunsa biyu na farko ba zai kai inda gadonsa ya ɗebar masa ba ko da ubansa zanƙalele ne. In ka ga albasa ba ta yi halin ruwa ba wani lokacin ruwan ne bai isa gonar ba.

Sai cindo. Nan ne abin ya ba ni dariya daga baya, don muna cikin maganar Inna da ke gefe tana tankaɗe, ba ta ce uffan ba tun ɗazu, ta ɗago ta ce wa Gwaggo "Ke kin manta Baffanku na Wurno? Ba shidda-shidda garai ba?" Ashe ƙanen kakanmu yana da shi hannu biyu, an yanke masa tun yana jariri sai ɗan tabo. Irin cindon nan na gefen ƙaramin yatsa ya fi yawa a baƙar fata nesa fiye da Turawa, kuma yawanci ƙwaya ce mai rinjaye, wato kwafi ɗaya ya isa ya fito da shi. To in mai rinjaye ce me ya sa ƙanena ba shi da shi, babanmu ba shi da shi? Saboda akwai ƙwayoyin da ko mutum na ɗauke da su ba lallai su nuna ba, su yi shiru a jikin uba su yi magana a jikin ɗa, kuma ko sun nuna ba su nuna iri ɗaya, wani ɗan ƙurji ne kawai kamar tsuron wake, wani cikakken yatsa har da ƙashi da farce, wani hannu ɗaya wani biyu wani har ƙafa. Ƙwaya ɗaya ce amma sauran ƙwayoyin da ta tarar a jikin su ke sa ta ɗaga murya ko ta yi ƙasa da ita. Kuma a lura, mai rinjaye ba ya nufin mai yawa. Cindo mai rinjaye ne amma mutum nawa ka sani da shi? Rukunin jini O mai laɓewa ne amma kusan rabin 'yan Najeriya shi gare su.

Akwai kuma inda ba wanda ya rinjayi wani, a raba a tsakiya. Littafi yana ba da misali da wani fure da Carl Correns ya yi aiki a kai, ja da fari su haifi ruwan hoda, in aka haɗa ruwan hoda biyu kuma jan da farin su dawo, alamar ba narkewa suka yi ba. Ni dai na daina ba yara misalin furen da ba su taɓa gani ba, kaji nake ba su. Kazar nan ta gida mai sulluɓaɓɓen wuya da ba gashi, kamar an fige ta da rai, in ka je kasuwa ka lura iri biyu ce. Wata wuyan tsirara yake tas har ƙirji, wata kuma akwai ɗan tuntun gashi a gaban wuyan daga ƙasa kamar ta ɗaura gemu. Mai tuntun kwafi ɗaya ta gada, mai tsirara tas kwafi biyu. Kuma kar a raina ta don muninta, ƙarancin gashin nan yana taimaka mata a zafi, a watan Afrilun Sakkwato da ake haura digiri 40 ita ce ke yawonta sauran suna haki a gindin randa.

Rukunin jini kuma wani salon ne daban, ba rabawa a tsakiya ba, kowa ya fito da cikakkiyar fuskarsa. Karl Landsteiner ya gano rukunan a Biyana a 1901, ya samu kyautar Nobel a kai a 1930. Ƙwayar tana kan kuromosom na 9 kuma nau'i uku gare ta, A da B da O, kowane mutum biyu yake ɗauka daga cikin ukun. A ta rinjayi O, B ta rinjayi O, amma in A ta gamu da B ba mai sunkuya wa wata, sai mutum ya zama AB. Duba abin da wannan ke haifarwa, miji A mai ɓoye da O, mata B mai ɓoye da O, 'ya'yansu za su iya fitowa A, B, AB ko O, duk huɗun. Miji AB mata O kuwa 'ya'yansu A ne ko B, ba wanda zai yi irin na uba, ba wanda zai yi irin na uwa. Na taɓa jin wani a majalisa yana rantsuwa wai in rukunin jinin yaro bai zo ɗaya da na ubansa ba to akwai lauje cikin naɗi, wallahi sai da na ajiye kofin shayina na zana masa a ƙasa da tsinke. Irin wannan rabin ilimin shi ke kashe aure.

Ko inda lissafin ya ce ba zai yiwu ba akan samu abin da ya karya shi. A 1952 wani likita Bhende a Bombai ta Indiya ya gano mutanen da gwaji ke nuna su O ne alhali suna ɗauke da A ko B, saboda wata ƙwaya ce daban ke gina tushen da A da B ke hawa kai, su kuma tasu ba ta aiki, ka ga an kawo jinka ba a gina bango ba. Irin wannan mutumin zai iya haifar ɗa mai A ko B kowa ya riƙe baki. Abu ne mai wuyar samu ƙwarai, amma yana nuna yadda ƙwaya ɗaya ke rufe bakin wata. Zabiya ma haka ne, yaron yana ɗauke da duk ƙwayoyin baƙin iyayensa ba abin da ya ɓace, sai dai ya gaji kwafi biyu na wata ƙwaya da ta lalace, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, wadda in ba ita jiki ba zai iya haɗa melanin yadda ya kamata ba, marina cike da zane ba baba. Shi ya sa zabiya ke aurar baƙi ta haifi baƙaƙe. Kuma dole sai iyaye biyun sun bayar, don haka masu ɗora wa uwa ita kaɗai su ji.

Yanzu ga wanda ya fi kowanne ci mana tuwo a ƙwarya, sikila. A aji muna koyar da ita a matsayin mai laɓewa, AS lafiya lau, SS ciwo, shi kenan. Ta fuskar ciwo haka ne. Amma in ka leƙa cikin jinin mai AS za ka tarar S ɗin ba laɓewa ta yi ba, jikinsa yana yin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, iri biyu a lokaci guda, na A da na S, shi ya sa in aka sa jinin a na'urar gwajin jinotaif layi biyu ke fitowa. Ta nan kamar AB take. Ta wata fuskar kuma har amfani take yi, don Anthony Allison ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa yara masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, wannan ne dalilin da ya sa ƙwayar ta yi yawa a ƙasashenmu har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da ita, kuma ana ƙiyasta jarirai wajen 150,000 ake haifa da ciwon duk shekara a ƙasar nan, ba ƙasar da ta kai mu. To ka gani, ƙwaya ɗaya, ka kira ta mai laɓewa ka yi daidai, ka ce kafaɗa da kafaɗa take da A ka yi daidai, ya danganta ta inda ka leƙa. Kuma mai AS ɗin ma ba a ce ya yi wasa da ƙishirwa mai tsanani da gudu cikin rana tsaka ba, akan samu wanda hakan ke jawo wa matsala ko da ba kasafai ba.

Dukan abin nan harafi ɗaya ne ya canza a ƙwayar da ke kan kuromosom na 11, tubali na shida a jikin himogulobin ya sauya, Vernon Ingram ya gano haka a tsakiyar shekarun 1950. Amma dubi inda harafi ɗayan nan ke kaiwa, ciwon ƙashi da kumburin hannu da ƙafa a jarirai, ƙarancin jini, idanu su yi rawaya, saifa ta mutu, gyambon ƙafa da ba ya jin magani, ƙugu ya lalace, har shanyewar ɓarin jiki a yaro ɗan shekara shida. Ina da zargin cewa da yawa daga cikin matan da aka riƙa kira masu wabi a da, suna haihuwa yaran na komawa, sikila ce ba a sani ba, wasu kuma matsalar nan ce ta uwa mai jini negetif da ɗa mai fozitif, inda cikin fari ke tsira na baya su riƙa samun matsala, abin da yanzu allura ɗaya cikin awa 72 bayan haihuwa ke karewa.

Abin da na ga ɗalibaina ba su gane ba, har da manya, guda biyu ne. Na farko ɗaya cikin huɗun nan na AS da AS ba rabon gado ba ne da za a ce an cire kason sikila saura uku lafiyayyu, kowane ciki sabon lale ne, za a iya haifar huɗu duk SS, za a iya haifar takwas ba ko ɗaya. Na biyu ba A da S kaɗai ke akwai ba, akwai C, wadda ta fi yawa wajen Burkina Faso da arewacin Gana da ƙasar Yarbawa amma mu ma ana samu. Sai ka ji saurayi na murna wai shi AS ne ita kuma AC, ba S biyu, an tsira. Ba a tsira ba, ɗa na iya ɗaukar S nan ya ɗauki C can ya zama SC, kuma ciwo ne, galibi ya fi SS sauƙi amma yana taɓa ido da ƙugu sosai. Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, abu ne mai kyau, amma takarda ba tare da wanda zai zaunar da yaran ya yi musu bayani ba rabin aiki ce. Ni da a ce ana jin tawa tun a aji uku na ƙaramar sakandare za a yi wa kowa gwajin, kafin soyayya ta shiga, don in an riga an kai kayan sa rana ba lissafin da ke shiga kunne.

Kuma ko masu SS ba ɗaya suke ba. Na koyar da wasu 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya duk SS, ɗaya kusan kowane zango sai ya kwanta asibiti, ɗayar kuwa sai da ta gaya mini da bakinta na sani. Babban dalili shi ne himogulobin ɗin da jariri ke amfani da shi a ciki, wanda ake kira F. Bayan haihuwa jiki yana kashe shi a hankali, shi ya sa ciwon ba ya fara nunawa sai wajen wata biyar zuwa shida, amma wasu sun gaji wasu ƙwayoyi daban da ke barin F ɗin da ɗan yawa, shi kuma yana hana ƙwayoyin jinin lanƙwashewar da ke jawo ciwon. Maganin haidiroksiyuriya da likitoci ke ba masu sikila aikinsa kenan, ɗaga F. Sabon maganin nan Casgevy da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023 ma ba S ɗin yake gyarawa ba, makunnin da ke kashe F yake lalatawa. An sa masa kuɗi dala miliyan 2.2 a Amurka a 2023, don haka mu dai a yi gwaji.

Akwai gadon da ke bin jinsi, wannan ma ya kamata a faɗa da ƙarfi a gidajenmu. A kuromosom ɗin da ke yanke jinsi, mace X biyu gare ta, namiji X da Y. Uwa X kaɗai take iya bayarwa, uba ne ke ba da X a samu mace ko Y a samu namiji, don haka mai ƙara aure wai matarsa 'ya'ya mata take haifa, to ya sani abin da ya aika aka dawo masa da shi. Tunda namiji X ɗaya gare shi, in akwai ƙwaya mai matsala a kai ba ta biyu da za ta rufa masa asiri, kuma X ɗin nan daga uwarsa ya samo, ita kuma wataƙila daga babanta, sai ka ga abu ya tsallake daga kaka na wajen uwa zuwa jika, ko ka ga yaro ya biyo kawunsa. Haka ciwon rashin tsayawar jini ya bi 'ya'yan Sarauniya Biktoriya ta Ingila mata ya shiga gidajen sarautar Rasha da Sifen. Namu na kusa shi ne ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini daga fashewa, ƙarancin da ya yi yawa a mazan Najeriya kuma yawancin masu shi ba su sani ba, lafiyarsu ƙalau sai ranar da jini ya gamu da abin da ba ya so ya fara fashewa, wasu magungunan zazzaɓi, wasu masu salfa, da kafur. Eh kafur ɗin nan da ake zubawa cikin akwatin kayan jarirai don ƙamshi da kyankyasai. Jariri namiji mai wannan gadon a sa masa rigar da ta kwana cikin kafur sai shawara ta taso masa, ido da jiki su yi rawaya, in ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa har abada, har lalle ma an samu ya tayar wa irin waɗannan jariran. Ranar sunan nan da na ji warin kafur a tawul ɗin yaron sai da na sa aka fitar da kayan duka aka wanke aka shanya, Gwaggo tana ta faɗa wai boko ya hana mu komai. Jaririn da ya yi rawaya asibiti ake kai shi, ba shanya shi a hantsi ba.

Wani abin wasa da nake ba yara su je su gwada, a nemo mini muzuru mai kala uku, fari da baƙi da ja. Ba su taɓa kawowa ba. Mussa mai kala uku kusan kullum mace ce, don ƙwayar ja da baƙi a kan X take, mace na da biyu, kuma a kowane sashe na jikinta ɗaya ake kashewa a bar ɗaya, nan ja can baƙi, Mary Lyon ce ta yi bayanin haka a 1961. Sannan akwai ɗan guntun gadon da ba ruwan uba da shi sam, na mitokondiriya, 'yan injinan da ke ba jiki ƙarfi, ƙwayoyi 37 ne kacal kuma daga uwa kaɗai ake samunsu, ita ma daga tata uwar. In dai ana neman inda jinin wani ya fi na wani yawa to ga shi nan, kuma na mata ne.

Cindon dai ba a bar wanzami ya taɓa ba, ba a kuma ɗaure shi da zare ba kamar yadda Gwaggo ta so, an kai shi asibiti aka cire cikin 'yan mintuna, saura ɗan tabo kamar na Baffa na Wurno. Na gaya wa ƙanena yatsan aka cire ba ƙwayar ba, kar ya yi mamaki in ya ga jikansa da shi. Jinotaif kuma an ce a bari ya wuce wata shida saboda F ɗin nan da ke rikita gwajin, ƙanena AS ne matarsa AA don haka ba fargaba, sanin ne kawai.

Jiya na biya Mabera na tarar da Gwaggo ta ɗora shi a cinya tana masa wasa. Yaron da aka ce fari ne tas yanzu ya rine, ya kusa kamo ubansa, daman saman kunnen da ta duba ranar suna ya riga ya gaya mata, ta dai ƙi faɗa ne. Ta ɗago ta dube ni ta ce "Ka gane shi ko? Ubanai sak. Ai na hwaɗa maku jininmu ƙarhi garai."